Bargon Da Na Ƙi Rufewa

"Yau nake son shi, Auta. Yau ɗin nan, ba gobe ba!"

Anti ce tsaye a tsakiyar falonmu. Ko zama ta ƙi yi, bakin takalminta a kan kusurwar bargon da na shimfiɗa a ƙasa. Na sa hannu a hankali na janye shi.

"Anti, saura gefe ɗaya..."

"To ki rufe mana! Allura ce babu ko zare?"

"Mai shi bai sa hannu ba."

Wadda ta rako ta ta saki wata 'yar dariya. 'Yar Kwalisa ake ce mata a unguwarsu, gidansu na kallon na su Anti. Ta tsuguna, turarenta ya cika min hanci.

"Ai ga mai shi a gabanki. Ina ake sa hannun?"

Na ɗaga mata buɗaɗɗen gefen. Ta zura hannu, dogayen faratanta suka sarƙe da auduga, ta fizgo da sauri tana yarfewa.

"Ya yi. Rufe abinki."

"Bargon mutum biyu ne," na ce, idona a ƙasa. "Hannu biyu yake jira."

"Angon yana can garin da yake aiki," in ji Anti. "Ba zai zo ba sai ana gobe biki. Ko so kike ya baro aikinsa don ya zo ya shafa auduga? Ko dai wani abin ne a ranki?"

Na ci gaba da daidaita audugar.

"Da la'asar zan dawo. In same shi a rufe."

Suka fita, ko ƙofa ba su ja mana ba.

Anti yayar Mai Gyara ce.

Shi kuwa Mai Gyara... shi ne mutumin da na kasa cirewa daga raina.

Gyaran keken ɗinki yake yi, gida-gida, da jakar kayan aiki a kafaɗa. Ranar da ya fara shigowa gidanmu keken matar Yaya ne ya kawo shi. Ya same ni a tsakar gida ina haɗa ƙyallaye da hannu, ya tsaya yana kallo har matar Yaya ta yi gyaran murya.

"Duk garin nan ke kaɗai ce telar da ba ta da buƙatata," ya ce. "'Yar Allura, kina so ki kashe min sana'a?"

Tun daga ranar keken matar Yaya bai ƙara lafiya ba. Yau a ce yana tsallake, gobe a ce yana cin zare. Ita kanta ta gaji ta ce, "Bawan Allah, keken nan lafiyarsa lau, kai ne ba ka da lafiya."

Sai Yaya ya ji.

Tunda Baba ya rasu maganar Yaya ce magana a gidanmu. Ya ce ba zai ba da ƙanwarsa ga mai yawon layi-layi da jaka ba, mutumin da ko rumfa ba shi da ita. Ranar da ya tarar da shi a ƙofar gida ya ci kwalarsa, ya ja, aljihun rigar ya yage har ƙasa. Mai Gyara bai ɗaga hannu ba. Ya tattara kayan aikinsa da suka zube, ya ce, "Ka yi haƙuri, Yaya. Ba zan neme ta a bayan idonka ba."

Kuma bai nema ba. Ya bar garin, aka ce ya samu aiki a wani kamfanin ɗinki. Ko sau ɗaya wayata ba ta yi ƙara da sunansa ba. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce.

Sai watan jiya Anti ta yi sallama da leda biyu.

"Bargon aure za ki haɗa mana. Waɗannan tsofaffin rigunan ango ne, waɗannan zannuwan amarya."

Ina kwance ledar farko na ga shuɗiyar rigar nan mai yagaggen aljihu.

Mama ta so in mayar musu. Na ce a'a. Idan har zai rufa da bargo tare da wata, gara ya zama nawa ɗinkin. Aƙalla zan san ba zai ji sanyi ba.

*

Bayan fitarsu gidan ya yi tsit. Matar Yaya ta kai yara gidan iyayenta, Yaya yana wurin aiki, an ɗauke wuta tun safe. Yayyafi kawai ake yi a kan kwano, sai tarin Mama jefi-jefi daga kujerarta ta bakin taga.

Barguna uku ke gabana.

Na fara da na malamar asibiti. Jiya ta zo ta sa hannu ta ce a rage, ita zufa take yi ko ana sanyi. Na zare auduga, na daidaita, na kalmashe bakin, na bi shi da ƙananan ɗinki. Sannan na bi tsakiyarsa layi-layi da zare mai kauri don kada audugar ta gudu ta taru waje ɗaya.

Ƙa'idar Mama ce wannan, tun kafin idonta ya yi rauni ta miƙa min allura. Gefe uku ake rufewa, a shimfiɗa auduga, a bar na huɗu a buɗe sai mai bargo ya zo da kansa ya zura hannu ya ji kaurin. Tun tana yarinya ta taɓa rufe wa wani tsoho bargo ba ta tambaye shi ba, ya yi masa nauyi a ƙirji har ya daina rufa da shi. Daga nan ta ce ba za ta ƙara yanke wa wani sanyinsa ba.

"Auta."

"Na'am, Mama."

"Kin yi shiru da yawa."

"Aiki nake."

"Ina jin allurarki ai. Tafiyar marar lafiya take yi."

Na ja na biyu, na baba mai gadi. Shi cewa ya yi a ƙara, a ƙara, har sai da Mama ta tambaye shi ko katifa yake so. Na rufe shi, na ninke, na ɗora a kan na farko.

Saura ɗaya.

Na tashi na dafa wa Mama shayi. Na wanke kofin da ba shi da datti. Na share falon da na share ɗazu. Na tsince zaren da ya maƙale a labule. Da na rasa abin yi, na dawo na zauna a gabansa.

Duk inda na kai ido shi ne.

Ga farar nan mai ɗigon man keke a hannu, wanda ya ƙi fita duk wankin da na yi mata. Ga mai ratsin kore, wadda ya sa ranar da ya kawo min almakashina a wase, ya naɗe shi a ƙyalle kamar wani abin zinariya. Ga mai ruwan ƙasa, da ita ruwa ya taɓa dukansa a ƙofar gidanmu yana ta rantsuwa shi bai jiƙe ba, haƙoransa na haɗuwa.

A tsakiya na sa shuɗiyar. Ban yanke aljihun ba. Na ɗinke yagewar da zare siriri, amma tabon yana nan, duk mai ido zai gani.

A kewaye da su kuwa zannuwan 'Yar Kwalisa, ja da ruwan hoda, suna ta ƙyalli.

Na zura zare a allura. Sai da na yi ta kuskure ramin kafin ya shiga.

Na kama buɗaɗɗen gefen, na kalmasa, na soka.

Ɗinki ɗaya... biyu...

Na tuna shi a tsugune a bakin ƙofar nan, yana kallon wani mai bargo yana sa hannu. Ya ce, "'Yar Allura, ranar da za ki yi nawa, sai na wahalar da ke. In sa hannu in ce bai yi ba, in dawo gobe in ce bai yi ba."

"Sai in kore ka."

"Ba za ki iya ba. Ƙa'idar Mama ce."

Wani abu ya ɗigo a kan shuɗin ƙyallen, ya yi duhu. Na goge da yatsa, wani ya sake ɗigowa.

"Mama..."

"Ina ji."

"In na rufe shi, shi ke nan ko?"

Ta ajiye kofinta.

"Ni dai tun na tsohon nan ban ƙara rufe na mutum bai zo ba. Amma yanzu allurar a hannunki take."

"To in ya zo fa? In ya zo ya sa hannu a gabana, ya ce ya yi, ya juya ya tafi wurinta? Mama, zan iya kuwa?"

"Wanne ya fi miki sauƙi? Ki gan shi ya tafi, ko ki rufe da hannunki ba ki gan shi ba?"

Na daɗe ina kallon ɗinkin da na fara.

Sannan na sa bakin allura na warware shi.

*

Ana idar da la'asar suka dawo. Anti ta ɗaga bargon, ta ga gefen a buɗe, ta sake shi ya faɗi.

"Ke! Ni za ki raina wa hankali?"

"Ki yi haƙuri, Anti. Ga shi nan, ki kai wa wata ta rufe. Ni dai hannuna ba zai yi ba."

"Na faɗa miki!" 'Yar Kwalisa ta tafa hannu. "Wallahi na faɗa miki har yanzu tana nan da maitarta! Wanda aka kora daga gidan nan kamar ɓarawo, yanzu da ya zama mutum shi ake laɓewa a bayan auduga ana jira?"

"Lafiya? Hayaniyar me nake ji tun daga waje?"

Yaya ne, yana kakkaɓe lema a bakin ƙofa.



Anti ta juya kansa, ta zayyana masa komai, ta ƙara gishiri. Yaya ya saurara, fuskarsa na ƙara haɗewa. Ya dube ni, na san ya ga idona ya kumbura.

"Auta, ba ki gaji ba? Dubi yadda kika koma, duk wuya ya fito. Kullum kina ɗaki da tsummokara kamar wadda aka yi wa mutuwa!"

"Yaya, ƙa'ida ce..."

"Hannu ko? Hannu kawai ake jira?" Ya zaro wayarsa. "To yanzu zan kira shi. Ya zo ya sa hannun, a rufe, kowa ya huta. Lambarsa na nan tun ranar da na ja masa kunne."

"A'a, a'a, ba sai an kira shi ba!" Anti ta yi wuf ta matso. "Yana wurin aiki, ba a barinsu ɗaga waya..."

Yaya ya riga ya danna. Ya buɗe muryar don kowa ya ji, ya ɗora wayar a tafin hannu.

Ta yi ƙara, ta sake yi.

"Salamu alaikum... Yaya?"

Muryarsa.

Na dafe bango. Tana nan yadda na san ta, ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron tashin wani daga barci. A bayansa ana ta hayaniya, injin mota na ruri, wani yana kiran saura mutum ɗaya.

"Malam, ba dogon zance ba ne. Duk ranar da ka shigo gari ka zo ka sa hannu a bargon aurenka, ka ƙyale mana yarinya ta samu lafiya."



"Auren wa, Yaya?"

"Kamar ya auren wa? Naka mana, da 'yar maƙwabtanku!"

"Ni? Wallahi ban san da wani aure ba. Yaya... tsaya. Ka ce in zo in sa hannu? Ba ta rufe ba?"

"Da ta rufe zan kira ka ne?"

"Amma Anti ta ce min tun jiya ta rufe! Ta ce Auta ce ta aiko a gaya min ba sai na zo ba!"

Duk muka juya muka kalli Anti. Ta shiga gyara mayafinta da bai zame ba.

"Kana ina yanzu?" in ji Yaya, muryarsa ta sauya.

"Ina tasha. Shekaranjiya na shigo gari. Na kasa tsayawa in ga an kawo min shi a rufe, shi ya sa na... Direba! Direba, tsaya! Sauke min jakata!"

Wayar ta katse.

'Yar Kwalisa ta dubi Anti.

"Kin ce min ya amince. Kin ce kunya ce kawai ta hana shi magana!"

"Da zai amince! Da ya ga Auta da kanta ta haɗa rigunansa da zannuwanki ta rufe, me ya rage masa?" Anti ta juyo kan Yaya, idonta ya kawo ruwa. "Ƙanina ne! A gaban mutane ka yaga masa riga. Ya dawo gida ya ƙi cin abinci, ya bar gari, ya bar ni. So kake in zuba ido ya sake kawo kansa gidan nan a wulaƙanta shi?"

Yaya ya sunkuyar da kai. Ƙasa yake kallo.

Tsakiyar bargon yake kallo, inda shuɗin aljihun yake da tabonsa.

'Yar Kwalisa ta suri jakarta.

"A cire min zannuwana. Ni ba a yi da ni a ƙarya ba, kuma ban rasa masu so ba."

Ta fice tana share ido da bayan hannu. Har ga Allah sai da ta ba ni tausayi.

*

Kafin rana ta faɗi aka yi sallama.

Bai shigo ba. Ya tsaya a bakin ƙofa a jiƙe, tsohuwar jakar nan a kafaɗarsa. Ya rame. Ya tara ƙasumba. Idonsa ya same ni, ya yi sauri ya mayar kan Yaya.

"Na yi alkawari ba zan neme ta a bayan idonka ba. Shi ya sa na aiko da rigunana ta hannun Anti a haɗa min bargo, nawa ni kaɗai. Na san ƙa'idar Mama, na san dole a kira mai bargo, kuma a gabanka za a yi. In ka ce in koma, zan koma."

"Shigo mana, ɗan nan," in ji Mama. "Mai bargo ba ya tsayawa a waje."

Ya cire takalmi. Ya durƙusa ya gaida Mama, ya gaida Yaya, ya dubi yayarsa ya girgiza kai kawai. Sannan ya tsuguna a ɗaya gefen bargon, ni ina wannan gefen.

"'Yar Allura."

Na ɗago na dube shi.

Ya kai yatsa kan aljihun, ya bi tabon tun daga sama har ƙasa.

"Kin gyara shi."

"Ba ya ɓoyuwa," na ce da ƙyar.

"Ban so ya ɓoyu ba."

Na ɗaga masa buɗaɗɗen gefen. Ya naɗe hannun riga, ya zura har gwiwar hannu. Ya lumshe ido. Falon ya yi tsit, sai ɗigar ruwa daga indararo.

"Yaya ka ji?" in ji Mama.

"Bai yi ba, Mama."

"Me ya rage?"

"Audugar ta yi kaɗan. Garin da nake akwai sanyi... sanyi sosai. A ƙara. Gobe sai in dawo in sake ji."

Dariya ta kuɓuce min tare da kuka, na rufe fuska da gefen mayafi.

"In ka dawo goben fa?" Yaya ya tambaya, ya harɗe hannu a ƙirji.

"Wataƙila ta yi yawa, a rage. Sai jibi."

"Kai, malam! Sintiri za ka mayar min da gida?"

"Ƙa'idar Mama ce, Yaya."

Mama ta yi dariya har da tari. Anti ma ta kau da kai tana cije leɓe.

Yaya ya yi ta kallonsa, ya kalle ni, ya sake kallon aljihun. Ya sauke numfashi.

"Rigar nan... da ka jefar da ita ai."

"Ita na sa ranar ƙarshe da na gan ta."

Yaya ya shafa kai, ya juya baya kamar mai neman wani abu a kan kanta.

"Ni ba zan iya da zirga-zirgar nan ba. Ka turo manyanka mu zauna. Ke kuma, Anti, ke za ki shigo gaba, tunda ke kika iya haɗa aure."

"Yaya!" na faɗa.

"Ke dai yi min shiru. Tashi ki ba baƙo tawul, yana jiƙa mana ɗaki."

Da na dawo da tawul na tarar Mama ta sa an jawo mata akwatinta. Ta lalubo wasu tsofaffin zannuwana da na daina ɗaurawa, ta jefo min a cinya.

"Farke jajayen can ki mayar wa mai su, a wanke a goge. Ga abin da za ki cike gurbin."

Na ɗauki almakashi. Mai Gyara ya miƙo hannu ya karɓa, ya gwada bakinsa a babban yatsa, ya ɓata fuska.

"Wa yake wasa miki shi?"

"Babu kowa."

"Na gani ai." Ya buɗe jakarsa. "Kawo sauran ma."

Bai fasa sintirin ba, duk da manyansa sun zo. Kullum ya sa hannu sai ya ce a ƙara, ni kuma ban taɓa ce masa ya isa ba. Sai ana saura kwana kaɗan in tare Mama ta gaji, ta ce in ba a rufe bargon nan yau ba ita za ta rufe shi da makantarta. Ya sa hannu, ni ma na sa nawa ta ɗaya kusurwar, muka ce ya yi.

Ya fi na baba mai gadi kauri. Matar Yaya ta ce wannan ba bargo ba ne, hukunci ne.

Har yau yana kan gadonmu, shuɗin aljihun a tsakiya. Mutum ɗaya ba ya iya ninke shi. Kowace safiya sai na tsaya a wannan gefen na kira shi, ya ajiye abin da yake yi, ya zo ya kama ɗayan.